Fararen ɗigo a hantar ƙwarin ƙarƙashin randa: cuta ce ko me?

Ɗalibar nazarin halittu, Ngawundare: Assalamu alaikum, malamai. Ƙwarin nan masu ƙafa 14 da ke ɓuya ƙarƙashin randa da ruɓaɓɓen ganye, waɗanda ake kira cloporte da Faransanci, in an feɗe su sai a tarar wasu da fararen ɗigo a hanta. Me kuke gani a naku?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Garwa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da muke kira hantar nan bututu 4 ne masu toshiyar ƙarshe, biyu a kowane gefen hanji, murɗaɗɗu kamar igiya. Lafiyayyu sukan zama ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa. Ki kwantar da ƙwaron kan ƙanƙara ya daina motsi, ki ja kan da hantsaki a hankali, bututun za su biyo. Ki sa su cikin ruwan gishirin gwaji. Ruwan famfo kumbura ƙwayoyin nama yake yi su fashe, ki ɗauka cuta ce. In ɗigon a jikin bangon bututun suke, ki fara zargin bakteriyar Rhabdochlamydia porcellionis, wadda aka bayyana a 2004 daga jinsin Porcellio scaber. Cikin ƙwayar nama take hayayyafa, a 'yan jakunkuna, har ƙwayar ta fashe ta zubo su cikin bututun.

Malamin jami'a, Marwa: Haka yake. Amma fa ba kowace bakteriya a hantar ce cuta ba. Hepatoplasma manne take a saman bangon ciki, kuma masu ɗauke da ita sun fi jure abinci mara kyau. Hepatincola ce ake dangantawa da gajarta rai. Duk bakteriyar nan uku ba sa tsirowa a farantin agar da ake renon bakteriya a kai, kada ki ɓata kayanki. Ki raba bututun: biyu cikin barasar gwaji mai ƙarfin kashi 96 don PCR na 16S, gwajin da ke gano nau'in bakteriya daga ƙwayoyin gadonta, biyu cikin sinadarin adana nama na glutaraldehyde kashi 2.5 don madubin lantarki mai nuna ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Kada hanji ya tsage, bakteriyar da ke cikinsa za ta gurɓata sakamakon.

Mai kiwonsu don gwaji, Njamena: Malam, a ƙara da wannan. Farin da ke fitowa a ƙirji daga waje alli ne da ƙwaron ke tarawa kafin saɓa, lafiyarsa ƙalau. Bayan jiki yake fara saɓewa, sannan gaba. Wanda cikinsa ya cika da farin ruwa kamar madara, ya yi laushi, bakteriyar Rickettsiella ake zargi. Wanda ya koma shuɗi kuwa, bairos ne ya kama shi. Suna cin gawar junansu, ta nan cutar ke yawo, don haka a tsince matattu kowace safiya. A zafinmu na Afrilu, a jiƙa gefe ɗaya na robar kiwo kawai, a bar ɗayan a bushe.

Ɗalibar: Na gode ƙwarai. Ɗigon nawa a bango suke, zan fara da PCR.