Zan haɗa keken daji da hannuna, me zan fara saye?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. A nan Maraɗi nake. Shekara biyu ke nan ina tara kuɗi don in mallaki keken hawan dutse, wanda muke ce wa VTT. Na zagaya babbar kasuwa, sababbin da na gani fenti ne kawai ke ƙyalli, in ka ɗaga ka ji nauyi kamar amalanke. Sai na ce bari in haɗa nawa da kaina, guntu-guntu. Wani maƙwabcinmu yana da tsohon kadar na alminiyom ɗan Kwatano, gangar jikin ce kawai, ba ƙafa ba sirdi, ya ce zai bar mani. Jikka 150 ke hannuna. Inda nake son zuwa: Jiratawa, Madarumfa, da gonar mahaifina a bayan Tibiri. Me zan fara saye?

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Kadar shi ke zaɓar wa kansa kaya, kai naka biyan kuɗi ne. Ka fara wanke shi tas da omo, ka fito da shi rana, ka bi duk inda aka yi walda da ido da farce, musamman ƙarƙashin wuya da kewayen ramin feda. In ka ga ɗan baƙin layi siriri kamar gashi, tsagewa ce, ka mayar wa mai shi da godiya. Alminiyom ba irin baƙin ƙarfe ba ne da mai walda na bakin hanya zai ɗana maka. Ko an ɗana, wurin ya yi rauni, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya karye.

In ya tsira daga wannan, sai awo. Faɗin baya, inda ƙafa ke shiga: tsofaffi milimita 135 ne, sababbi 142 ko 148 masu aksil mai kauri da ke ratsawa. Ramin feda 68 ne ko 73, kuma ka leƙa ciki ka ga ko mai murɗi ne. Wuya ko miƙaƙƙe ne sama da ƙasa, ko ƙasan ya fi faɗi. Bututun sirdi yawanci 27.2, 30.9 ko 31.6. Sannan ka duba wane birki aka yi masa wuri, na roba mai kama janti ko na faifai. Ka rubuta duka a takarda, ita za ka riƙa zuwa kasuwa da ita.

Ɗalibin Jami'a: Baba ya faɗi gaskiya. Amma ni da za ka ji tawa, yaya, ka bar tsohon kadar ɗin ka nemi mai ƙafa inci 29. Ƙasarmu rairayi ce. Babbar ƙafa tana hawa kan yashi, ƙarama tana nutsewa. Na gwada duka biyu a hanyar Madarumfa, da na sauka daga kwalta na shiga jigawa bambancin a bayyane yake.

Ɗan Tibiri: Ba a ƙi ta taka ba, 29 ta fi daɗi a yashi. To amma taya ta yage maka a ƙauye ranar da ba ta kasuwa ba, ina za ka samo 29? Ta 26 kuwa ko a teburin mai faci za ka tarar. Kuma kada wani ya ce maka tayar tsohon keken nan na dattawa, irin Raleigh da Phoenix mai lamba 28, za ta shiga. Jantin wancan milimita 635 ne, na 29 kuma 622, na 26 shi ne 559. Lambar tana rubuce a gefen kowace taya, ita za ka duba, ka bar inci. Ni da 26 nake yawo shekara shida, na sa mata taya mai faɗin 2.3, na rage iska zuwa wajen awon bar 2 a ma'aunin famfo in zan shiga yashi, kuma ina wucewa. Faɗin taya da yawan iska sun fi girman ƙafa tasiri a wurinmu.

Malamin Lakwal: Ku bar ni in ɗan ratse. Abin da ɗanmu ke shirin yi shi ne asalin keken nan. A shekarun 1970 samari ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna Schwinn masu ƙatuwar taya, suna ɗaura musu birki da giya na wasu kekunan, suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais. Irin su Gary Fisher da Joe Breeze daga nan suka taso. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper na sayarwa da yawa. Su dutse gare su, sun haɗa don dutse. Mu a Maraɗi ba mu da dutsen hawa. Abin da muke da shi yashi ne, da jan burji mai kwazazzabai, da laka a bakin Gulbi in damina ta kama, da ƙaya. Yawancin abin da yara ke kallo a YouTube an yi shi ne don gangaren duwatsun Turai, kuma in ka bi shi kuɗinka za su tafi a abin da ƙasar nan ba ta tambaye ka ba.

Ɗan Zariya: Na gode Malam. To maganar giya fa? Wani abokina ya ce in sa faranti ɗaya a gaba da giya 12 a baya, wai shi ake yayi.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari: Shi ake yayi, amma ba da jikka 150 ba, kuma ba a cikin ƙurar hunturu ba. Sarƙar giya 12 siririya ce, tana da tsada, ɗan lanƙwasa kaɗan a mai sauya giya sai ta fara tsalle. Ga shi na kamfanin Shimano mai 12 ba ya hawa tsohuwar cibiya, sai ka sayi cibiya irin tasa da suke ce wa Micro Spline. Kai dai ka nemi mai 8 ko 9. Sarƙar 6 da 7 da 8 duk ɗaya ce, ko'ina akwai ta. Jerin kayan Shimano na wannan keke daga ƙasa: Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, sai XTR na masu tsere. Ka tsallake Tourney. Altus ko Acera sabo ya ishe ka, in ka yi sa'ar tsohon Deore ɗan Kwatano mai lafiya ka kama shi da hannu biyu, ya fi sabon ƙarami ƙarko.

Abu biyu kada ka manta. Na farko, ɗan maɓallin da ke hannu da mai sauya giyar baya su zama gida ɗaya. In ka haɗa maɓallin kamfanin SRAM da na bayan Shimano yawanci ba sa jituwa, don jan wayarsu ba ɗaya ba ne. Na biyu, haƙoran baya iri biyu ne: akwai wanda ake murɗawa a jikin cibiya gaba ɗayansa, akwai kasat da ake zurawa a ɗaure da zobe. Ka ɗauki kasat. Wancan na murɗawa yana barin aksil da tsawo ba madogara, ka ɗauko buhun gero rabi daga gona ka faɗa rami biyu, aksil ya lanƙwashe. Kusan kowane mako sai na cire irinsa.

Ɗalibin Jami'a: Baba, ko da 9 ɗin ai zai iya yin faranti ɗaya mai haƙora 32, da kasat mai haƙora 11 zuwa 36. Ya huta da mai sauya giyar gaba, waya ta ragu, wurin tara ƙura ya ragu.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari: Zai iya, in ya samu farantin nan mai haƙori ɗaya siriri ɗaya kauri, mai riƙe sarƙa. In bai samu ba sarƙa za ta riƙa zamewa a burji. Ni dai na fi son ya bar faranti biyu ko uku, don ranar da iskar gabas ta tare shi a hanyar dawowa zai nemi ƙaramin.

Direban Hanyar Kano: Salamu alaikum. Ni nawa a kan jabu ne, don ni nake ɗauko wa mutane kayan. Kwali ba ya nuna komai, an iya buga shi. Ka duba jikin ƙarfen. Na gaske akwai lambarsa a hatimce, misali RD-M310 a bayan Altus, rubutun a tsaye ba mai gogewa da yatsa ba. Ka kama shi ka girgiza, in gaɓoɓin suna kaɗawa tun yana sabo, ajiye. Sarƙa ce aka fi yi wa jabu. Na taɓa sayo wa wani yaro ɗaya da araha a wani shago, ko wata biyu ba ta yi ba ta miƙe ta cinye masa haƙoran baya, dole na biya rabin kuɗin don kunya. Tun daga ranar KMC ko Shimano kawai nake ɗauka, a wurin wanda na san zan iya mayar masa.

Ɗan Tibiri: Ku zo kan ƙaya, don ita ce babbar abokiyar gabarmu. Da kaka, in tsidau ya bushe a hanyar gona, sai ka ga ƴaƴansa sun manne a taya kamar an yayyafa. Rana ɗaya na ƙirga huji bakwai a tif guda. Ƙayar aduwa kuwa takan ratsa taya kamar ƙusa. Abin da ya raba ni da wahala: na samu tsohuwar taya siririya da ta suɗe, na yanke wayar bakinta, na shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin in sa tif. Keken ya ɗan ƙara nauyi, amma faci ya koma sau ɗaya a wata biyu. Sannan na zuba ruwan toshe huji a cikin tif ɗin. Masu taya marar tif suna yaba tasu, kuma da gaske tana toshe ƙananan huji da kanta, sai dai zafin bazara yana busar da ruwan da wuri, dole ka riƙa ƙarawa, ga shi ba a samunsa a kusa. Bawul kuma ka ɗauki mai kauri irin na babur. Siririn nan na Presta, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan maƙali. Janti ka nemi mai bango biyu, sifok 32 ko 36.

Malamin Lakwal: A birki ni ina bayan na mai. Shimano MT200 nake da shi, yatsa ɗaya ya isa, kuma tunda a rufe yake ƙura ba ta shiga kamar yadda take shiga kuben waya. Amma a kiyaye: mai na musamman yake sha, wanda Shimano ke ce wa mineral. Nawa na farko wani yaron gareji ne ya zuba masa man birkin mota da kyakkyawar niyya, robobin ciki suka kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don tafiyar garin Ɗan Isa na shirya.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari: To ka ji dalilina, Malam. Na mai ya fi kamawa, ban musa ba. Amma na faifai mai waya, in ya tsinke a Jiratawa, waya ce kawai, kowa zai sa masa. Ɗana, in kana da inda za ka samu man da mai iya cire masa iska, bi Malam. In babu, ɗauki na waya da faifai mai milimita 160. Kada kuma mai ko giris ya taɓa faifan, ko na yatsa.

Gwafar gaba kuma, nan ne samari ke zubar da kuɗi. Mai sifirin ɗin nan mai araha nauyi ne kawai, ƙura ta shiga wata shida ta daskare. Ko dai ka sa sandararriya ta ƙarfe ka bar faffaɗar taya ta sha maka girgiza, ko ka nemi ta kamfanin SR Suntour, samfurin XCM ko XCR. Tsohon kadar an yi shi ne don mai nutsewa milimita 80 zuwa 100. Ka sa masa 140 gaba ya ɗaga, tuƙi ya lalace, wuya ya sha wahala. Kuma kada ka yanke bututunta sai ka hau ka ji tsayin ya yi maka, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Uwar Gida, Ali Ɗan Tsoho: Ƙanena, duk kun yi maganar ƙarfe, ba wanda ya tambayi ko kadar ɗin daidai kai yake. Ɗana na fari mun haɗa masa keke a kan kadar da ya fi ƙarfinsa, muka ce zai girma ya cika shi. Kullum yana kukan baya da wuyan hannu, rannan ya tsaya da sauri a yashi bututun sama ya buge shi, sai da muka je likita. Ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, ya zama akwai sarari ko na yatsa uku tsakaninka da bututun. Kuma don Allah ka ware kuɗin hular kwano tun yanzu, kafin su ƙare a kan giya. Da fitila, don masu adaidaita da kabu-kabu ba sa ganin mai keke bayan magariba.

Direban Hanyar Kano: Hajiya ta tuna mani. A sa wurin ɗaura gorar ruwa biyu. Kuma a bar zuba wa sarƙa baƙin mai, yana kama yashi ya zama kamar dutsen niƙa. Ɗigo kaɗan na mai marar kauri, a goge da tsumma har waje ya bushe.

Ɗan Zariya: Jama'a na dawo, na je na auna. Baya 135, ramin feda 68 mai murɗi, wuya miƙaƙƙe, bututun sirdi 27.2, ƙafa 26. Akwai wurin birkin faifai. Na wanke na duba a rana, ban ga tsagewa ba, sai ƙujewar fenti. Na ara masa ƙafafun keken maƙwabci na tsaya a kai kamar yadda Yaya ta ce, akwai sarari wajen yatsa huɗu. Abu ɗaya ya dame ni: ɗan guntun ƙarfen da ake ɗaura mai sauya giyar baya ya karkata ciki.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari: Madalla, ka yi sa'ar kadar, duk awon nan kayansa suna nan cikin gari. Ɗan kunnen nan kada ya tayar maka da hankali, an yi shi ne ya lanƙwashe don kadar ya tsira. Da noti yake, kwance shi. Sai dai kowane kadar da siffar nasa, don haka ka ba direba shi a hannu ya tafi da shi Kano a gwada, ya sayo biyu. Ƙafafu da tayoyi za mu fara, su za su ci kusan rabin kuɗin. Ka kawo kadar ɗin ranar Asabar bayan la'asar da takardar awonka. In ka riga ka sayi feda kada ka ɗaura kafin ka zo, ta hagu murɗinta a juye yake, yara da yawa sun cinye mani zare a nan.

Direban Hanyar Kano: Laraba da asuba zan tashi. Ka kawo mani ɗan kunnen daren Talata, ka ƙulle shi a leda tare da notinsa.