Awarata tana dagargajewa a cikin mai, kuma uwar mijina ta ce in daina

Maman Biyu, Bukoki: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni barci kusan mako 3. Ni matar aure ce mai yara 4, biyu daga cikinsu tagwaye, muna zaman haya a Bukoki a nan Yamai. Maigidana direban babbar mota ne da yake ɗauko kaya daga Kwatano, amma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 aikinsa ya tsaya, yau ya samu ƴar jigila a cikin gari, gobe ya wuni a gida. Nama ya fi ƙarfinmu, sai ranar Juma'a idan Allah ya hore. Wannan ne ya sa na sayar da ƴan kunnen zinariya da mahaifiyata ta bar mini, Allah ya jiƙanta, na sayi babbar tukunya da kaskon suya da ƙyallen tata, na auno waken suya tiya 5 a kasuwar Katako, na fara yin awara domin yara su ci, abin da ya rage kuma in kai ƙofar lakwal in sayar dala 5 kowane yanka.

Lokacin sanyi komai ya tafi daidai, har malaman lakwal suna aiko yara su saya musu. Tun da zafi ya shigo abin ya juya mini. Idan na sa ta a mai sai ta watse ta koma kamar dambu, man ya yi ta tartsatsi har ya ƙona mini bayan hannu, wadda ta tsira kuma kafin la'asar ta yi yauƙi da wani wari. Shekaranjiya na zubar da kwano guda cur. A kan haka kuma Inna, uwar maigidana, da take zaune tare da mu, ta ce ta ji cewa waken suya yana rage wa maza ƙarfi, ta hana ɗanta ci, har tana cewa in daina ba ɗan autana namiji. Jarina ya kusa ƙarewa. Me zan yi?

Hajiya ta Wadata: Wa alaikumus salam ƴata. Shekara 22 ina wannan sana'a, da ita na aurar da ƴaƴa mata 3, saboda haka ki saurare ni da kyau. Kin ba mu labarin ƴan kunne da na mota, amma ba ki faɗa mana abin da kike tsinka madarar da shi ba, alhali nan ne ciwon yake. Awara ba ta da wani tsami sai ruwan tsamin kamu, wanda ya kwana 2 ko 3 a kan ƙullun gero. Ki bar madarar ta tafasa sosai, ki janye itacen, sannan ki riƙa zuba tsamin da ludayi ta gefen tukunya a hankali, ba tare da kin dama da ƙarfi ba. Idan kika ga ta haɗe kamar gajimare, ruwan da ke ƙarƙashi ya yi garau kamar ruwan shayi marar madara, to ta yi. Idan ruwan yana nan fari, rabin ribarki ce za ki zubar. Daga nan ki juye a ƙyalle, ki ɗaure tamau, ki ɗora turmi ko babban dutse na awa guda. Awarar da ke tartsatsi a mai, ruwa ne bai fita daga jikinta ba.

Maman Biyu: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Da lemun tsami nake yi, domin Inna ba ta son warin ruwan tsami a tsakar gida, kuma da lemun nake yi tun lokacin sanyi ba a taɓa samun matsala ba. Matsewa kuma ina yi, sai dai ba na kai awa guda, saboda ƙarfe 10 ake fitowa shan iska a lakwal, idan na makara ranar ta wuce ni.

Ƴar Tawa: Ƴar'uwa, ni ina ganin ba laifin lemu ba ne, ni ma da shi nake yi ko da tsamiya, kuma tawa tana tsayawa kamar cuku. Jiƙon ne ya kamata ki duba. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, waken da ya kwana a ruwa yana yin tsami tun kafin a kai shi markaɗe, kuma madarar da ta riga ta yi tsami tana tsinkewa da kanta a kan wuta, ta ba da awara mai rugurguzawa. Ni ina ɓarza waken a bushe, in sheƙe ɓawon, in jiƙa awa 3 zuwa 4 kawai. Sannan ki duba waken kansa. Mu nan Tawa yawancinsa ta Ƙonni yake shigo mana daga Najeriya, kuma tsohon wake da ya daɗe a sito ba ya ba da madara. Watan jiya wani ɗan kasuwa ya auna mini buhu, sama sabo, ƙasa duk tsoho da tsakuwa, na koma ya rantse bai san ni ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Hajiya ta Wadata: Ƙanwata ta Tawa, ɓarza aikin banza ne, kuɗin inji sau 2 za ta biya, da wace ribar? Ni jiƙo nake yi yadda na koya, ina canza ruwa sau 2 cikin dare. Lemu kuwa tsadarsa kaɗai ta isa ta karya mai ƙaramin jari, kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, na yau daban na gobe daban. Abin da ya ɓata sana'ar nan shi ne kowace yarinya ta sayi tukunya sai ta ce ta iya. A layinmu akwai masu zuba alif domin ta yi tauri ta yi yawa, suna yanka manya-manya a dala 5, sun kwashe mini rabin masu saye, kuma babu mai tsawata musu.

Maman Sadiya, Talaje: Ni dai masu injin markaɗe nake zargi. Ana gama markaɗa tattasai da ƙullun da ya kwana, sai a zuba wakenki ba a wanke ba. Na yi magana sau ɗaya, yaron ya ce in ba na so in ɗauki bokitina. Firigo ma da na saya da kuɗin adashi bai amfane ni ba, domin a wannan zafin wuta ba ta zama.

Ma'aikaciyar jinya, Lazare: Maman Biyu, ina aiki a gidan likita, zan yi magana a kan abin da ya shafi lafiya. Busasshen waken suya yana ɗauke da sinadarin gina jiki fiye da kashi 35 cikin 100, ya fi waken da muka saba ci, saboda haka abin da kika yi wa yaranki a rashin nama daidai ne. Zancen ƙarfin maza ya samo asali ne daga wani sinadari da ke cikin waken mai ɗan kama da na jikin mata, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan maza ba su nuna cewa cin sa yana rage musu sinadarin mazantaka ba. A ƙasar Sin da Japan maza sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin irin wannan abinci. Abin da ya fi damuna shi ne dahuwa. Madarar waken suya tana yin kumfa ta taso tun kafin ta tafasa da gaske, sai a zaci ta nuna, alhali ɗanyen wake yana da abin da ke hana hanji narkar da abinci, wanda zafi ke kashe shi. Ki ɗiga ɗan mai kumfar ta kwanta, ki bar ta ta ƙara tafasa kamar minti 15. Wadda ta yi yauƙi kuma kada ki sake soyawa ki ba yara, kuma kada a ba jariri madarar a madadin nono.

Maman Biyu: Na gode Malama, amma Inna ba za ta karɓi zancen Sin ba, wata aminiyarta ce ta faɗa mata a wurin suna, kuma ni ba zan iya musu da ita a gaban ɗanta ba. Maganar jiƙo kuma, bayan sallar isha'i nake jiƙawa saboda mai injin unguwarmu ba ya buɗewa sai ƙarfe 7, ba ni da yadda zan tashi tsakar dare ina canza ruwa da tagwaye a jikina. Ƙarin minti 15 a kan wuta itace ne, itace kuma kuɗi ne. Ba wai na ƙi shawara ba ne, ina so ne ku gane halin da nake ciki.

Hajiya ta Wadata: Ƴata, an ce mai nema yana tare da samu, amma ke duk ƙofar da aka buɗe miki sai ki rufe ta. Ki zo Wadata ranar Asabar da asuba ki tsaya a kaina ki gani da idonki, zan kuma ɗiba miki ruwan tsami a jarka. Uwar mijinki kuma ki bar ni da ita, mijina ya ci awarata shekara 22.

Ƴar Tawa: Ko ta je Wadata, idan waken ya kwana a ruwa a wannan zafin, abin da ta gani jiya shi za ta gani. Ki gwada rabin tiya da gajeren jiƙo kafin ki kashe kuɗin taksi.

Maman Biyu: Asabar ba za ta yiwu ba Hajiya, ranar ce nake raka Inna awon hawan jini. Tiya 1 ta rage mini, kuma na riga na jiƙa ta tun ɗazu kafin in ga saƙonku. Akwai wadda ta san ko dusar da nake tacewa tana da masu saye a nan Yamai? Maƙwabciyata mai tumaki tana karɓa kyauta kullum, ni kuma ina jin nauyin in ce ta biya.