Tambaya kan auna gaurayen folima da watsuwar haske

Ɗalibar kemistiri, Katsina:
Assalamu alaikum, malamai. Na narkar da folima (sinadaran roba masu dogayen ƙwayoyi) iri biyu, folistirin da PMMA (robar akirilik), a ruwan narkarwa guda, ina haska musu jan hasken lesa mai tsawon zango nanomita 633 domin in gano nauyin ƙwayoyinsu. Ta yaya zan raba hasken da kowace ta watsa, kuma me ya sa ma'aunin yake tsalle tun shigowar hunturu?

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da ƙura. Ga ƙananan ƙwayoyi, ƙarfin hasken da suke watsawa yana bin faɗinsu ne a ninke da kansa sau shida, saboda haka wadda ta ninka wata sau 10 a faɗi takan watsa haske kusan sau miliyan ɗaya. Hazon Katsina kuwa ba ya jin rufe taga. Ki tace ruwan da matata mai ƙofar maikuron 0.2, ki rufe kwalabar nan take.

Wani mai bincike daga Daura:
Malam ya yi gaskiya. Game da rarrabewa, ƙanwata, ki narkar da su a ruwan narkarwa mai suna toluwin, domin yadda yake karya haske ya yi kusa ƙwarai da na PMMA, sai PMMA ta kusan ɓacewa, folistirin ta fito fili. Daga nan ki auna a kusurwoyi da kauri daban-daban, ki zana jadawalin da masanin kimiyya Bruno Zimm ya fitar a 1948, domin ki samu nauyin ƙwayoyin. Toluwin yana kama wuta, ki kiyaye.

Ɗalibar kemistiri:
Na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Gobe zan fara da tacewar.