Takin ruwa na kwalba: murfi nawa ake zubawa a famfon feshi?

Na Kura: Assalamu alaikum manoma. Tumatirina ya yi sati uku da dashe, kuma na riga na sa masa takin zamani NPK 15-15-15 a gindi. Na sayo takin ruwa na kwalba, mai shago ya ce murfi biyu a famfo mai lita 16, maƙwabcina ya ce huɗu. Gobe da sassafe zan yi feshi. Wanne zan bi? Kuma ya halatta in haɗa shi da maganin ƙwari a famfo ɗaya?

Ɗan Bunkure: Malam, ka watsa yuriya kawai ka huta.

Baba Mai Rani: Yaro, bara wannan abin ya cinye min tattasai. Mai shago ya ce in ƙara murfi zai fi saurin yin kore. Na fesa da rana tsaka, kwana biyu gefen ganye ya ƙone, fure ya zube ƙasa. Na kai masa ganyen a leda, wai laifin ruwan kanal ne. Ruwan madatsar Tiga da muke ban-ruwa da shi shekara da shekaru! Bashin iri da man inji har yau ina biya.

Malamin Gona: Allah ya mayar da alheri, Baba. Na Kura, murfi ba ma'auni ba ne, kowace kwalba da girman nata. Duba jikin kwalbar ka ga mililita nawa ake sawa a lita ɗaya, ka ninka da 16, ka auna da sirinji. Tunda akwai taki a ƙasa, fara da rabin haka. Ruwa ake fara zubawa, sannan takin, a kaɗa. Maganin ƙwarin kuwa, gwada haɗin a 'yar roba tukuna, in ya yi gudaji kar ka fesa.

Sarkin Zolaya: Sirinji kuma? A dai bi a hankali, kar NDLEA su ɗauka wiwi ake renowa 😂

Ɗan Haɗeja: Nawa ka saya?

Na Kura: 4,500.

Ɗan Haɗeja: Nan 7,000 ne. Anya naka ba jabu ba ne?

Baba Mai Rani: Malamin gona, da girmanka, amma takarda ba ta taɓa biyan bashi ba. Wanda ya yi asara shi ake tambaya.

Malamin Gona: Baba, ai rashin bin takardar ne ya jawo asarar.

Ɗan Bunkure: Ku bar wannan. Ko ka auna daidai, sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, na nan tafe kamar 2016, in kuma ka tsira, dillalan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ne za su yanka wa kwandonka kuɗi kana tsaye. Jiya nawa aka sayar, wa ya je?