Taƙaitawa: a ɗora iOS 26 ko a dakata?

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan iOS 26, manhajar da ke tafiyar da iPhone, wadda Apple ya saki a Satumban 2025.

Inda baki ya zo ɗaya:
1. A adana hotuna da lambobi a iCloud (ma'ajiyar Apple ta intanet) ko kwamfuta tukuna. A nemi Wi-Fi, a jona caji, domin sabuntawar tana shan data sosai.
2. Waya za ta ɗau zafi, batir ya riƙa zuba a kwanakin farko, saboda tana sake jera fayiloli a ɓoye. A ba ta 'yan kwanaki kafin a yanke hukunci.
3. Daga iPhone 11 aka fara; masu XR da XS ba su cikin rabon.

Inda aka rabu:
Fasalin Liquid Glass, wato sabon kamannin allo mai sheƙi kamar gilashi. Wasu ya burge su, wasu sun ce rubutu na ɓacewa cikin sheƙin, musamman in mutum yana tsaye a rana. An ce su kunna Reduce Transparency, saitin da ke rage wannan sheƙin.
Masu iPhone 11 da lafiyar batirinsu ta sauka ƙasa da kashi 80: wasu sun ce a dakata, wasu sun ce a canza batir sannan a ɗora. Ni ina tare da na biyun, don tsohon batir ne ke sa waya nauyi.