Yaro yana afa tiramol kafin ya kama aiki: sallama ko gwaji?

Mai Walda, Panteka:
Assalamu alaikum. A wurin walda da yankan ƙarfe mai yara goma zuwa sha biyar, idan maigida ya lura wani yana afa tiramol da shayin safe, me ya dace ya yi? Su yaran cewa suke ƙarfi take ƙara musu. Akwai gwajin da za a saya a riƙa yi musu, ko sallama ce kawai?

Mai Harhaɗa Magani, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Oga. Ba ta ƙara ƙarfin komai, ciwo da gajiya take dannewa, sai jiki ya wuce iyakarsa mai shi bai sani ba. Likita ba ya ba babba fiye da miligiram 400 a yini, NAFDAC kuma mai 50 da mai 100 ta amince da su. Wadda ake sayarwa a ɓoye kuwa har mai 225 akwai, ƙwaya biyu ke nan an zarce. Abin tsoron shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba ta sallama. Ka ƙaddara ta kama mutum yana riƙe da giranda, injin yankan ƙarfe, tana gudu, ko yana saman rufi. D5 da roci kuma, ƙwayoyin sa barci, sanyaya hannu suke yi, wanda ya sha da dare zai wayi gari da sauransu a jiki. In aka haɗa da kodin ko giya, numfashi ne ke raguwa.

Gwajin fitsari akwai shi, amma ka duba kwalin: layin da ke kama kodin ba ya kama tiramol, sai an ware mata nata. Wiwi kuma takan bayyana makonni bayan an daina, ga wanda ya saba sha. Wato gwaji zai ce maka ya sha, ba zai ce yanzu a buge yake ba.

Jami'in Kula da Haɗari, Kakuri:
Shi ya sa ido ya fi. Kowace safiya ka tsayar da su minti biyar kafin a ta da janareta, kowa ya yi magana ka ji. Ka duba nauyin harshe, tangaɗi, rawar hannu, gyangyaɗi, da ƙwayar ido da ta ƙanƙance. Jan ido kaɗai ba hujja ba ce a wurin walda, hasken wuta ma na sa shi. Zazzaɓi, saukar sukari da Piriton duk suna kama da maye.

In ka yi zargi, kashe injin tukuna, sannan ka ja shi gefe tare da shaida ɗaya, ba a gaban abokansa ba. Rubuta rana, lokaci da abin da ka gani: "ya yar da guduma sau biyu", ba "ya sha ƙwaya" ba. Kada ka bar shi ya hau mashin ɗinsa, a kai shi gida. Mayen giya kuwa, goro da wanka da ruwan sanyi ba sa sauke shi, sai awanni. In jijjiga ta kama wani, a janye ƙarafa, a kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali ko ɗura manja. Ta wuce minti biyar, ko karonsa na farko ne, asibiti.

Hajiya Nas, Tudun Wada:
Malam, kada ka ce ya daina yau-yau. Wanda ya daɗe a kai, in ya yanke lokaci guda, gumi, gudawa, rashin barci da firgici za su mayar da shi ciki. Ragewa ake yi a hankali ƙarƙashin likita, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna suna wannan aikin. Ka kira mahaifinsa ko wanda ya kawo shi koyon sana'a, a mayar da shi fenti ko awo, ban da giranda da hawa sama. Sai kuma ka dubi tsarin aikin: jinga ta awa goma sha biyu babu hutu ita ke tura su wajen mai ƙwaya, shi kuwa sau da yawa yana nan bakin layinku da tirensa.