Ina neman allon zamiyar dusar ƙanƙara da zai jure duka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allon da nake hawa ya fara ɗayewa ta hanci, bakin ƙarfensa kuma ya tsage daidai ƙarƙashin ƙafar baya. Yawancin hawana a filin wasan tsalle ne: sandunan ƙarfe, akwatuna, sai ƙananan tudun tsalle. Nauyina kilo 72, takalmina lamba 43 a ma'aunin Turai. Ina son allon firistayil, wato na tsalle da juye-juye, da zai kwana biyu, amma bayanan kamfanoni sun ruɗa ni, kowa na cewa nasa ne gagarau. Me zan duba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da siffa. Nemi wanda hancinsa da wutsiyarsa iri ɗaya ne, ramukan maɗaurin takalmi kuma suna tsakiya cif, don ko da baya ka sauko ba za ka ji bambanci ba. Tsawo kuwa, bi jadawalin nauyi na kamfanin, ka manta da zancen a tsaya a auna da haɓa. Da kilo 72 za ka faɗa wajen santimita 152 zuwa 155. Da lamba 43 ba ka buƙatar mai faɗi.

Amsa ta biyu:
Malam, ni gyaran alluna nake yi, bari in gaya maka inda suke mutuwa. Da wuya ka ga allo ya karye gida biyu. Ta gefe ciwon yake shiga. Ka daki sandar ƙarfe, bakin ya ɗan lotsa, bangon gefen ya buɗe kamar bakin ƙumba, ruwa ya samu hanya zuwa katakon ciki. Ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, shimfiɗun su rabu. Ina kyautata zaton abin da ya ci hancin naka ke nan.

Don haka idan allo ya zo hannunka, juya shi ka bi bakin ƙarfen da yatsa. Shin ya zagaye allon gaba ɗaya, ko ya tsaya kafin hanci da wutsiya? Wasu kamfanoni da gangan suke tsayar da shi don rage nauyi, kuma suna da hujjarsu, amma ga mai buga hanci a akwati ni na fi son cikakken zagaye. Sannan bangon gefe: yawanci roba mai tauri ce da ake kira ABS, wasu suna sa wata robar mai suna yuritan, wadda ta fi shanye duka. Katakon ciki galibi na bishiyar fofla ne. Idan an haɗa da gora ko wani katako mai tauri a ƙarƙashin ƙafa, ya fi wanda aka cika da katakon folonya mara nauyi juriya.

Ƙasan allo kuma iri biyu ne. Akwai ekstrudad, robar da aka narka aka shimfiɗa: ba ta da gudu sosai, ba ta damu da kakin da ake shafawa don santsi ba, idan ta karce sai ka ɗiga mata narkakkiyar robar gyara, wato P-Tex, ka kankare. Akwai sintad, garin roba da aka danne da zafi: tana shan kaki, tana gudu, gyaranta ya fi wuya. Mai hawa ƙarfe kullum, ɗauki ta farko.

Amsa ta uku:
Yaya mai gyara, a nan kam ban bi ka ba. Sintad ta fi tauri, ta fi jure gogayya. Sauƙin gyara daban, ƙarko daban. Kuma wanda bai samu isasshen gudu ba kafin tudun tsalle, a kan doron zai sauka, gwiwa ta biya. Idan zai riƙa sa kaki a kai a kai, sintad ce.

Mai gyara:
Gaskiyarki 'yar'uwa, ta fi tauri. Sai dai yawancin waɗanda ake kawo mini sun bushe sun yi fari fat, masu su sun manta da kaki. Mai tambaya shi ya san halinsa.

Amsa ta huɗu:
Ba wanda ya taɓo zancen lanƙwasar allon. Ajiye allon a ƙasa ka duba ta gefe. Idan tsakiyar ta ɗaga, kamba ce: tana ba da ƙarfin tsalle, tana riƙe ƙanƙara, amma ba ta yafe kuskure. Idan tsakiyar ce a ƙasa, hanci da wutsiya suka ɗaga, roka ce: sauƙin juyi, bakin ƙarfen bai cika kafewa a ƙanƙara ba, sai dai saukar babban tsalle takan zame. Ga irin hawanka, kamba tsakanin ƙafafu da ɗan ɗagi a hanci da wutsiya ta wadatar. Taushi kuma 4 ko 5 cikin 10 (10 ne mafi tauri), amma lambar kowane kamfani tasa ce, don haka lanƙwasa shi da hannunka. Faiba, wato saƙar zaren gilas da ke lulluɓe katakon ciki, mai saƙa biyu ta fi mai saƙa uku laushin murɗawa.

Kada kuma ka dogara da garanti. Kuskuren ƙira yake rufewa, ban da dukan ƙarfe ko dutse.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kaki kam ba na wasa da shi, don haka sintad zan nema. To wannan tsohon fa, a yar?

Mai gyara:
A'a. Bar shi ya bushe sarai a ɗaki, cusa gam ɗin ifoksi mai jinkirin kamawa a inda ya ɗaye, ka matse da maƙalli har kwana guda. Ka dushe bakinsa da magagari tsakanin ƙafafu, ya zama na hawa ƙarfe kawai. Tsagar bakin ce sai na gani tukuna, turo hotonta ta kusa.